Birai a Gonar Baba

"Lafiyarmu ƙalau," in ji Inna a saƙon murya. "Babanki ya wuce gona, yana gaishe ki. Ke dai ki riƙe aikinki."

Ina kicin ɗin uwar ɗakina a unguwar Old Airport, hannuna duk kumfa. Na goge, na sake kunnawa, na manna wayar a kunne.

Tun zuwana Doha, ba maganar Inna kaɗai nake saurare ba, har da abin da ke bayanta. Gidanmu yana gindin tsauni, gonarmu tana bayan gida, ta jingina da kurmin da gwamnati ta hana taɓawa. A saƙonta nakan ji ƙorama da kukan tsuntsayen safiya, har in ji kamar sanyin hazo ya taɓa ni.

Abokiyar aikina, 'yar Kumasi, ta leƙo. "Yalla, yi sauri, ƙanwata! Saurayi ne? Madam na jiran shayi."

Na ƙara danna wayar a kunne. Birai nake ji, garke guda, kusa ƙwarai, suna karya karan masara.

Doka ta hana a kashe su. Shi ya sa tun ina goye, duk damina Baba yake tsayawa a bakin kurmi, yana dukan tsohuwar garwa, yana yi musu ihu. Ko shekarar da zazzaɓi ya kayar da shi, sai da ya rarrafa ya buga.

Na saurara har ƙarshen saƙon. Birai suna cin masararmu a natse, babu mai buga garwa.