Benen Karan Dawa

Wannan dogon benen da ake nunawa a talabijin, Bitrus ɗan unguwarmu ne ya zana shi. Wai akitek! A firamare ko kaza ni nake zana masa.

Ranar aikin hannu ce a Kafanchan, muna aji huɗu. Doka ta ce kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa, amma kowa ya san tsintsiya Ticha Yohanna yake so, don matarsa tana sayarwa a kasuwa. Bitrus ya kawo biyu. Ni mai wayo na kawo bene na karan dawa, hawa uku, da matakala, da tagogi masu buɗewa kamar na ofishin reluwe. Reza ta gama da yatsuna a kansa.

Ticha ya juya shi, ya buɗe taga ɗaya da farce. Sai ya ce, "Yaro, wannan zai share mini ɗaki?"

Ya miƙa wa matarsa ta kan katanga, tana dafa wake, ta tura shi cikin murhu. Har yau ina jin warin ƙaron da na liƙa shi da shi yana ƙonewa.

Na ce, "Sa, a bari 'yan haya su fita tukuna!" Aji ya fashe da dariya, har da shi.

Tun ranar ban sake gina komai ba. Ina tasha ina lodin fasinja, ina ba mutane dariya. Suna cewa wai ba ni da damuwa.