Gurbin Mma Abibatu

Da takalmi ɗaya Mma Abibatu ta kutsa zauren taron jami'a, ɗayan ya faɗi wajen kokawa da masu gadi.

Tun kafin a haifi rabin malaman nan take sayar da wake da shinkafa a bakin ƙofar jami'ar. Yau, ranar buɗe sabuwar shekarar karatu, Razak mai gadi ya ɗauke mata tebur da tukunya.

"Mma, yi haƙuri, umarni ne daga sama. Babban baƙo za a karrama, an ce a share hanya."

"Kai Razak! Ni da na goya ka a unguwar Tafo? Sai na ga baƙon nan da idona, in ji ko uwarsa ba ta taɓa talla ba!"

Tana shiga, zauren ya kaure da tafi. Shugaban jami'a ya sauko da fara'a, ya riƙo hannunta.

"Maame, uwarmu, ina kika shiga? Tun ɗazu ke muke jira!"

Ta waiga. Ga hotonta a bango, ya fi ƙofa girma, tana murmushi da ludayi a hannu. Ashe ita ce babban baƙon, wai uwar da ta ciyar da jami'a.

Aka yafa mata zanen kente, aka miƙa mata makirfo.

"Na gode. To, a mayar mini da gurbina na bakin ƙofa."

Shugaban ya gyara gilashi.

"Ai ba zai yiwu ba, Maame. A gurbin ne za mu kafa hotonki."