Wasiyyar Josefat a Kwazazzabo

"Ruwan ya ƙare, Josefat," in ji matata Magrieta. Ta kife gorar, ko ɗigo babu.

Tun hantsi muke bulayi a kwazazzabon nan na kudu da garin Keetmanshoop, ni a gaba, don na rantse na san hanya. Rana ta take, jajayen duwatsu ko ta ina iri ɗaya. Na zube.

"Magrieta, nan za mu mutu. Ki yafe mini. Akuyarki da na ce dila ya kama, ni da abokina Gottlieb muka gasa ta."

"Sai me kuma?"

"Shan taba ma ban daina ba. Miyar mamarki kuwa, shekara tara kare nake juye wa."

Ta miƙe, ta karkaɗe siket, ta leƙa bayan dutsen da na jingina.

"Mama, kin ji da kunnenki ko?"

Ashe mun dawo bakin hanya. Ga surukata zaune a inuwar motarmu inda muka bar ta, taku ashirin daga inda nake mutuwa.

"Zo ki sha ruwa, 'yata," ta ce. "Shi kuma ga miya na ɗumama masa."