Hannun Baturen Zaɓe

Gorar farko ta sauka a kafaɗar baturen zaɓen, ta biyu a wuyan hannunsa na dama. Sylvester ya ji ƙarar karyewar ƙashin, biron ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci.

Shekara goma sha shida ke nan yana tuƙa Alhaji Arzika, ɗan adawar da ya nemi kujerar majalisar jiha sau huɗu a Kafanchan, sau huɗu yana shan ƙasa. Kullum salon ɗaya ne: akwatunan ƙauyuka su makara, baturen zaɓe ya sa hannu, a kore su da barkonon tsohuwa. Yau da Sylvester ya ga akwatunan sun sake makara, bai jira sanarwa ba. Ya kwaso 'yan acaɓa, suka ɓalle ƙofar zauren tattara sakamako, suka watsa wa akwatunan fetur, suka ƙyasta ashana.

"Sa hannun mu gani!" ya daka wa mutumin tsawa, ya sake ɗaga gorar.

Arzika ya kutso cikin hayaƙin yana tari, ko hula babu. "Sylvester, me ka yi?"

"Oga, bana ba wanda zai mana sata!"

Baturen zaɓen, wani malamin makaranta daga Gidan Waya, ya miƙo takardar sakamakon da hannun hagu, jini ya jiƙa gefenta.

"Ranka ya daɗe," ya ce da ƙyar, "kai ka ci. Hannu kawai ya rage in sa."

A bayansu, ƙuri'un na ci da wuta.