Kwanon Tuwon Ma'u

"Ni kwanona tas yake dawowa!" in ji Ma'u, tana cika baki a gidan suna a Sheshe.

Da soja suka miƙa mulki mijinta ya ci zaɓe, suka koma GRA, unguwar furanni da lilon yara, inda ba mai leƙa gidan wani. Amma Ma'u ba ta bar halin cikin gari ba, kullum sai ta aika wa maƙwabta tuwo. Yau har maƙwabciyarta Hajiya Bahijja ta janyo don ta ba da shaida.

"Hajiya, faɗa musu yadda tuwona yake."

"Kai, madalla! Sai dai a rage yaji," in ji Bahijja. "Likita ya ce yana ɓata wa karenmu ciki."