Waƙar Da Mizuho Ba Ta Zaɓa

"Ɓawon lemo a kan murhun Baba," mai karatu ya fara. Tun kafin ya ƙarasa, Chihaya ta ɗaga hannu, don ita ce waƙar da ta zaɓa.

"Tawa ce," in ji Shunpei daga ƙarshen tabarma, yana sosa ƙeya.

Haka ake yi a zaman masu gajerun waƙoƙi da Malam Kuwabara ke shiryawa a saman shagon shayinsa a birnin Matsuyama. Kowa ya kawo waƙarsa ba suna, a gauraya, kowa ya zaɓi wadda ta taɓa shi, ban da tasa, sannan mai ita ya bayyana kansa.

Chihaya mai zane ce a jikin tangaran, kuma miji ta zo nema, ba ta ɓoye wa kowa ba. Samarin waya sun ishe ta da ƙarya. A ganinta baki na iya yaudara, amma waƙa ba ta iyawa, tunda zuciya ce ke zaɓen zuciya ido rufe.

Aminiyarta Mizuho ce ta kawo Shunpei, ɗan ƙanin baban ita Mizuho, wanda gida suka matsa wa ya yi aure. Tun zuwansa, duk waƙar da Chihaya ta zaɓa sai ta zama tasa. Tsoron teku, kewar uba, ƙamshin ɓawon lemon da marigayi babanta ke gasawa lokacin sanyi, duk ya sani ba ta faɗa masa ba. In sun fita tare kuwa, zancensa bai wuce kamun kifi. Ta ce kunya ce irin ta mawaƙa, har ta sa ranar da za ta kai shi gaban mahaifiyarta.

Abu ɗaya ke ci mata rai. Mizuho, wadda a da ba a kama ƙafarta a zaman, yanzu waƙoƙinta sun zama lami, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga wa Shunpei hannu ba. Kishi ne, Chihaya ta yanke, ta yafe mata.

Ranar da aka karanta waƙar murhun Baba, hannun kowa ya tashi, na Mizuho yana kan cinyarta.

"Ke Mizuho, kunnenki ya toshe ne?" in ji Malam Kuwabara yana dariya. "Irin wannan waƙa, ko ɗan gaba da shi ai ya zaɓa. Wanda ba zai zaɓe ta ba sai wanda doka ta hana!"

Aka fashe da dariya. Mizuho ba ta yi ba, Shunpei ma haka. Ta zuba wa kofin shayinta ido, kunnuwanta sun yi ja.

Chihaya ta sauke hannunta a hankali. Mutum ɗaya ta taɓa ba wa labarin murhun babanta, tana kuka a kafaɗarta. Mizuho kuwa, ko da ta sayar da sirrin aminiya, ba ta taɓa karya dokar zaman ba: ba ta zaɓen waƙar da ita ta rubuta.