Marayan Rimaye

Tun da asuba Zuliha ta ware kindirmon da ya fi kauri, ta rufe shi da sabon faifai, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne. Daga rugarsu ta bayan Mawashi har tashar Kankia ƙwaryar tana kan cinyarta, ita kuma tana lanƙwashe a kujerar baya, don motocin haya ba a yi su domin dogaye irinta ba. Yau Gajere zai zo gari, kuma abu ɗaya take so: ya tsuguna gabanta ya sha fura daga hannunta kamar da.

Ɗalha ne sunansa. Tsiyar 'yan Kankia ce ta sa masa Gajere, don tun yana sakandare sai ya sunkuya yake shiga aji. Kakarsa Iyatu ce ta raine shi a Rimaye. A wancan lokacin, duk ranar da aka tashi daga filin ƙwallon kwando sai ya biyo ta tasha, Zuliha ta dama masa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta ce masa sannu. Jaji mai shayi, maƙwabcinta a tasha, har faɗa ya taɓa yi mata.

"Ke wai mi yaron ga ya yi maki? Ko sunanshi ba ki iya kira!"

"Bar ni da mai ƙwallo," ta ce, ta ci gaba da damunta.

Daga baya wani koci ya gan shi, aka kai shi kwaleji a Amurka. Can ya zama abin kwatance. A wayar Jaji ake ganinsa yana tashi sama, ya danna ƙwallo cikin kwando, Turawa na ihu kamar an raba musu gado. Ya ciyo wa makarantarsa kofi, suka rataye rigarsa a saman zauren wasa. Ya buga a Turkiyya, ya buga a Sifen, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Duk sanda Jaji ya miƙo wayar, Zuliha kau da kai take yi, sai dai ludayinta kan tsaya cak har a gama.

A kowace hira labarinsa ɗaya ne: shi maraya ne, uba ya rasu yana goye, uwa ta bi baya. Turawa na son irin wannan labari. Da shi ya samu gurbin karatu, da shi kuma ya kafa gidauniyar marayu bayan ya ajiye wasa. Ranar da ya maimaita shi da Hausa a rediyo, Zuliha ta tattara ƙorai tun kafin azahar, wai kanta ke ciwo.

Da hantsi motocin su Ɗalha suka iso. Ɗalha ya fito yana ɗan ɗingishi, da baƙin tabarau, wata Baturiya da masu kyamara suna biye, fim ɗin rayuwarsa ake yi. Ya nuna musu tsohon filin makaranta. Baturiyar ta ce tana son ganin inda yake cin abinci yana yaro. Jaji bai jira an tambaye shi ba, ya nuna Zuliha.

Ta miƙe tsaye da ƙwaryar. Idonta na ƙasa.

"Wata baiwar Allah ce mai fura," Ɗalha ya ce wa kyamara.

Baturiyar ta yi magana, wani tafinta ya juyo. "Baba, ana tambaya, kin san mahaifiyarsa kafin ta rasu?"

Ɗalha ya hau gyara igiyar agogonsa.

"Na san ta," in ji Zuliha. "Ba mai yawan magana ba ce."

Ta buɗe faifan, ta miƙa masa. Ya dafa ciki, ya ce ai yanzu nono ba ya karɓarsa. Aka roƙe shi ya riƙe ko don hoto. Ya riƙe, ya yi murmushi, kyamara ta ɗauka, ya mayar mata da abinta a cike. Motocin suka tashi suka nufi Katsina.

Abin ya ci ta, ya ci ta ƙwarai. Ta zauna ta mayar da faifan.

"Yau ma kau ba ki kira sunanshi ba," in ji Jaji.

Zuliha ta tura ƙwaryar gefe. A gidansu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna shi a bainar jama'a ta ce nata ne, kuma Ɗalha ya san haka sarai tun kafin ya fara gaya wa duniya cewa ta mutu.